Garmahon Gado Ya Daina Juyawa: Yaya Za a Gyara Shi?

TAMBAYA: Wani manomi mai sauraronmu daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe ya rubuto cewa ya gaji garmaho mai wani da fayafayai goma sha biyu daga mahaifinsa. In an yi masa wani sai ya yi ƙugi ya tsaya. 'Yan gwangwan sun taya, 'yan'uwa kuma na cewa a sayar. Shin zai gyaru?

AMSA: To Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. A gaskiya sau da yawa yakan gyaru, don garmaho mai wani ba ya son lantarki ko batir, ƙarfe ne da sifirin kawai. Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, shi ya ƙago garmaho mai faifai a 1887, kuma har yau akwai tsofaffin da ke aiki.

Amma kafin ka taɓa injin, fara duba fayafayan, domin sun fi akwatin daraja. Iri biyu ne. Akwai na da, mai kauri da nauyi, wanda in ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran. Shi yana juyi 78 a minti ɗaya, kuma shi ne na garmaho mai wani. Sannan akwai na roba mara nauyi, mai juyi 33 ko 45, wanda ya fito a 1948 da 1949. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da yawa a irin wannan aka buga su. Kada ka kuskura ka ɗora wa na roba allurar ƙarfe ta garmaho mai wani, sau ɗaya tak za ta kankare waƙar. Shi sai garmahon lantarki. Duba takardar tsakiyar faifan, yawanci an rubuta lambar juyinsa.

Ƙugin nan da tsayawa, galibi tsohon giris ne ya daskare da ƙura ya kama sifirin. A kwance injin daga akwatin, a wanke haƙoransa da kananzir, a bar su su bushe, sannan a sa sabon giris, a ɗiga man keken ɗinki a inda ƙarfe ke juyawa. Sai dai fa kada ka buɗe gwangwanin sifirin da kanka. In ya kuɓuce yana iya yanke yatsa ko ya taɓa ido. A bari wanin ya ƙare ƙaf tukuna, sannan a kai wa tsohon mai gyaran agogo ko keken ɗinki a Tsafe ko Gusau.

In ya tashi, gwada gudunsa. Liƙa 'yar takarda a bakin farantin, ka duba agogo ka ƙirga. Ya kamata ta wuce sau 39 a rabin minti. In ya gaza ko ya zarce, akwai ɗan hannun daidaita gudu a gefen farantin.

Idan murya tana kakkarwa, robar da ke riƙe da fatar kan allura ce ta bushe, sai a canja ta. Ita kuwa allurar ƙarfe, fuskar faifai ɗaya ake ji da ita a jefar, don in ta dakushe cin faifan take. Ƙusa ko allurar ɗinki ba sa maye gurbinta. A da, har a Ingila an yi amfani da allurar gora da ta ƙaya. Busasshiyar ƙaya mai ƙarfi in an fiƙe ta tana yi, muryar dai ba ta kai ta ƙarfe ba, amma ba ta cin faifai.

Wajen wanki, ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa, ban da jiƙa takardar tsakiya. Kada sifirit ko turare ya taɓa faifan da, narkar da shi yake yi. A jera su a tsaye cikin inuwa, nesa da zafin kwano.

Shawararmu ita ce kada a sayar a kan kilo. Wani faifan, mai yiwuwa naka ne kaɗai ya rage a duk yankin. Ranar da ya fara magana, a ɗauki kowace waƙa a waya a raba wa 'yan'uwa, kowa ya samu rabonsa na gado. Allah ya sa a dace.