Intabiyu ba titsiye ba ce

Na gaji da jin ana ce wa matasa, "In ka shiga intabiyu ka sunkuyar da kai, abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa." Gurguwar shawara ce, kuma asalin kalmar ma ya ƙaryata ta.

Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci a farkon ƙarni na 16. Uwar kalmar ita ce entrevue, daga entre, wato tsakani, da voir, wato gani. Ganin juna ke nan. A da ganawar manya ake nufi da ita, ido da ido. Ma'anar hirar ɗan jarida daga baya ta ɓullo a Amurka, ana kuma yawan kafa misali da zaman da Horace Greeley na jaridar New York Tribune ya yi da Brigham Young, shugaban cocin Mormon, a 1859. Titsiye kuwa sunansa daban, interrogation, kuma aikin 'yan sanda ne. To, a kan me wanda bai saci komai ba zai zauna gaban masu ɗaukar aiki yana rawar ɗari?

Shi kansa mai neman aikin, candidate ake ce masa, daga kalmar Latin mai nufin fari tas. A tsohuwar Rum mai neman muƙami fararen kaya yake sawa, har da goga musu alli, don jama'a su hango shi. CV ma Latin ce, tafiyar rayuwa.

Kunya ado ce a gidan surukai, ban musa ba. Amma bature ko shugaban kamfani da bai san al'adarmu ba, in ya ga kana kallon takalminka, ɗauka zai yi ba ka san aikin ba. Ka yi sallama, ka jira a ba ka kujera, sannan ka dubi mai magana. Ka kashe waya tun a bakin ƙofa. Takardunka na asali da kwafinsu su kasance a jere cikin fayil, ba a nannaɗe a aljihun babbar riga ba. In an zo batun albashi, don Allah a daina cewa "duk abin da kuka ba ni". Bincika tun daga gida, ka faɗi adadi. In aka ce kana da tambaya, to ka yi: wata nawa ne na gwaji, wa zai zama shugabanka, ina za a tura ka.

Wanda kuwa ya ce sai ka tura kuɗi kafin a kira ka intabiyu, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.