Ƙarin Kwanakin Zama ga Mai Ziyara a Ƙasar Ghana

Kowace shekara mutanenmu da yawa sukan tafi Ghana, waɗansu fataucin goro, waɗansu kuwa sada zumunci da dangi a zangon Kumasi ko na Akra. Galibinsu sun ɗauka tun da ba a tambaye su biza a kan iyaka ba, to, suna iya zama har illa masha Allahu. Wannan kuskure ne, ya kuwa kamata Hakimai da malamansu su gyara shi tun mutum bai bar gida ba.

Ga asalin maganar. Ran 29 ga watan Mayu 1979 shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka sa hannu a wata yarjejeniya a Dakar. Ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar 'yar'uwarta ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin allurar rigakafi. Amma damar nan tana da iyaka, watau kwana 90. Wanda ya so ya zarce haka, lalle ne ya nemi izni daga hukumar ƙasar da ya sauka.

Saboda haka a gargaɗi mai niyyar tafiya da abubuwan nan:

1. Ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, a buga masa hatimi. Daga ranar hatimin nan ake soma lissafi.

2. In ya ga sha'aninsa ba zai ƙare cikin wa'adi ba, ya tafi ofishin shige da fice tun da sauran kwanaki. Ya riƙa fasfonsa, da hotunansa, da wasiƙa mai bayyana dalilinsa, da kuɗin da aka yanka, ya kuma karɓi rasit.

3. Kada ya ba ɗan kamasho fasfonsa. Hatimin jabu ya fi rashin hatimi muni.

4. Ƙarin kwanaki na ziyara ne kaɗai. Mai son ya zauna ya kama sana'a, iznin zama zai nema, wannan kuwa takarda ce dabam.

Wanda ya bari wa'adinsa ya wuce ana cinsa tara, ana ma iya fitar da shi daga ƙasar. Dattawa ba su manta da Nuwamba 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Dubban mutane suka komo gida, waɗansu sun baro gidaje da rumfunan da suka shekara da shekaru suna tattali. Ba laifin kome da yawansu sai sakaci da takarda.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan a gaban dagatai da masu unguwa, malamai kuma su taimaki wanda bai iya karatu ba ya gane ranar da wa'adinsa zai cika.