Bayani: Yaya ake bambance peni na jan ƙarfe da na tutiya?

Peni shi ne tsabar kuɗi mafi ƙarancin daraja a Amurka, ɗari daga cikinsa ke yin dala guda. Tun da gwamnatin ƙasar ta daina buga shi a 2025, masu tara tsofaffin sulalla suka ƙara sa masa ido.

Kafin 1982, kashi 95 cikin ɗari na jikinsa jan ƙarfe ne. Da jan ƙarfe ya yi tsada, sai aka koma yin sa da tutiya, kashi 97.5 cikin ɗari, a lulluɓe shi da siririn jan ƙarfe. Shekarar da ke jikinsa takan raba gardama, sai dai a 1982 an buga iri biyun duka. A nan sikeli ne alƙali: na jan ƙarfe giram 3.11 ne, na tutiya giram 2.5. Idan aka sake su a kan tebur, na jan ƙarfe yakan yi amo mai tsawo, na tutiya kuwa ƙararsa a dushe take. Kankare gefe yana nuna farin tutiya, amma yana zubar da darajar kuɗin, don haka bai dace ba. Na 1943 daban ne: baƙin ƙarfe ne, maganaɗisu yana kama shi.

Abin ya fi shafar masu tarawa, domin jan ƙarfen tsohon peni ya fi peni ɗaya daraja, ko da yake tun 2006 an haramta narkar da shi a Amurka.