Barkwancin da ba a rubuta ba: Yadda aka haɗa fim ɗin "This Is Spinal Tap"

A watan Satumban 2025 ne aka saki kashi na biyu na fim ɗin barkwancin nan na Amurka mai suna "This Is Spinal Tap", shekara 41 bayan fitowar na farko a 1984. Abin da ya sa masana harkar fim ke yawan kafa misali da na farkon shi ne, kusan duk maganganun da ke cikinsa ba a rubuce suke ba. A gaban kyamara 'yan wasan suka ƙirƙire su.

Fim ɗin, wanda shi ne na farko da Rob Reiner ya ba da umarni, labari ne na wata ƙagaggiyar ƙungiyar mawaƙan Birtaniya da tauraruwarta ta fara dusashewa, tana yawon wasanni a biranen Amurka. Christopher Guest da Michael McKean da Harry Shearer, dukkansu Amurkawa, su ne suka fito a matsayin mawaƙan. Shi kuma Reiner ya fito a matsayin mai ɗaukar fim na labarin gaskiya, yana bin su da tambayoyi.

Jin cewa babu rubutattun maganganu kan sa wasu su ɗauka cewa an kunna kyamara ne kawai aka bar kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ba haka lamarin yake ba. Tun kafin a fara ɗauka, mutanen huɗu sun zauna sun tsara tarihin ƙungiyar filla-filla: sunayen da ta taɓa amsawa, faya-fayan da ta fitar, da jerin makaɗan gangarta da suka riƙa mutuwa ta hanyoyi masu ban mamaki. Sun rubuta waƙoƙin, kuma su da kansu suka kaɗa su. Kowace fitowa an san inda za ta fara da inda za ta dire. Kalmomin da za su cike tsakani ne aka bar wa ɗan wasa.

Wannan shiri shi ne ƙashin bayan aikin. Ɗan wasan da ya san tarihin mutumin da yake kwaikwayo ciki da bai, ko an jefo masa tambayar bazata, ba zai tsaya lalube ba. Fitowar da ta fi shahara ta nuna haka. Guest yana nuna wa Reiner na'urar ƙara sautinsa, yana alfaharin cewa lambobinta sun kai 11, alhali na sauran mawaƙa a 10 suke tsayawa. Na'urar an tanade ta tun farko. Da Reiner ya tambaye shi me zai hana a ƙara wa lamba 10 ƙarfi a huta, sai Guest ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar wanda lissafi ya kwance wa, sannan ya maimaita alfaharinsa. A cikin wannan shirun dariyar take, kuma da wuya marubuci ya iya auna tsawonsa a takarda.

Salon ɗaukar ma ya taimaka. An ɗauko Peter Smokler, wanda ya saba da ɗaukar fina-finan labarin gaskiya, domin ya iya bin magana da kyamara duk inda ta karkata. Sai dai irin wannan aiki yana da tsada ta wata fuska: an tara hotuna na sa'o'i masu ɗimbin yawa, aka tace su zuwa minti 82 kacal. Ke nan rubutun da aka ƙi yi kafin ɗauka, a ɗakin tacewa aka yi shi.

Daga nan ne tambaya mai nauyi ta taso: wane ne marubucin fim ɗin? 'Yan wasa irin su Fred Willard da Fran Drescher da Billy Crystal, da suka fito a ƙananan matsayi, su ma da bakinsu suka tsara abin da suka faɗa. Reiner da abokansa sun nemi ƙungiyar marubutan fina-finai ta Amurka ta amince a sanya sunayen sauran 'yan wasan cikin marubuta, ƙungiyar ta ƙi. Sunaye huɗu kawai aka rubuta.

Su ma huɗun ba su kwashe ta da daɗi ba wajen rabon riba. A 2016 Shearer ya kai ƙarar kamfanin Vivendi na Faransa, wanda haƙƙin fim ɗin ya koma hannunsa, yana neman dala miliyan 125. Takardun ƙarar sun yi zargin cewa dala 81 kacal aka lissafa musu daga cinikin kayayyakin da ke ɗauke da sunan fim ɗin tsakanin 1984 da 2006, sai dala 98 daga cinikin waƙoƙi. Da sauran ukun suka shigo cikin shari'ar a 2017, kuɗin da ake nema ya haura zuwa dala miliyan 400. An sasanta a 2020, abin da ya share hanyar yin kashi na biyu.

Tun a 2002 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin cikin jerin waɗanda ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu ga al'ada.