Dutsen Dala da Haƙurin Mai Zane

Duk wanda ya ƙuduri niyyar zana Dutsen Dala a kan babban ƙyalle, ya kafa allonsa a Nasarawa ko a kan wani soro na cikin birni, ba zai jima ba zai gane cewa dutsen da ya fara zanawa da kaka ba shi ne yake kallo da hunturu ba, alhali kuwa dutsen bai gusa daga inda Allah ya dasa shi ba tun kafin zamanin Barbushe. Malaman fiƙihu sun yi dogon bahasi a kan surar mai rai, amma galibinsu ba su ga laifi ba ga zanen itatuwa da duwatsu. Saboda haka matsalar da ke gabanmu ta sana'a ce, kuma ta saɓani ce tsakanin ido da lokaci.

Nasarawa tana gabas da birni, Dala kuwa yana can yamma, don haka mai kallo daga wajen Gidan Ɗan Hausa, inda Hans Fisha ya kafa makarantarsa a 1909, da hantsi yake samun fuskar dutsen a haske. In la'asar ta yi sakaliya rana ta koma bayansa, sai ya zama dunƙulen inuwa kawai. Shi Fisha ɗan ƙasar Suwizalan ne, ƙasar manyan duwatsu masu ƙanƙara, kuma ina jin da ya fara ganin Dala sai da ya yi murmushi, domin namu tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda girmansa na tarihi ya ninka na jikinsa.

Jan da ake gani a jikinsa na marmara ne, wato ƙasa mai tama wadda ruwa da iska suka sa ƙarfen cikinta ya yi tsatsa, kuma wannan tamar ce ta jawo maƙeran farko suka zauna a gindinsa. To amma jan ba ya isowa ido yadda yake. Tsakanin mai zane da dutsen akwai iska, kuma gwargwadon nisa gwargwadon yadda take cinye launi: da damina, bayan ruwa ya wanke sarari, na nesa yakan yi shuɗi-shuɗi, saboda iska ta fi watsa shuɗin haske a kan ja; da hunturu kuwa, sa'ad da iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Kano, hazo yakan mayar da kome fari-fari, har wata rana a nemi dutsen a rasa. Mai zanen da bai san wannan hikima ba sai ya shafa wa dutsen jan da ya gani a hannunsa ranar da ya hau shi, zanen ya fito tamkar an manna Dala a hancin mai kallo.

Fentin ma yana da nasa hukunci. Na mai ba ya bushewa yadda ruwa ke ƙafewa. Iska yake sha sannu a hankali har ya daskare, kwanaki ko makonni, kuma ba a ɗora sabon shafi sai na ƙasa ya kama, in ba haka ba ya tsattsage daga baya. Wanda ya bar taga a buɗe cikin watan Janairu zai wayi gari ya tarar ƙura ta kwanta a kan ɗanyen sararin samaniyarsa, in ya sa yatsa ya share sai ya bar tabo.

Mafi shahara cikin tsofaffin zane-zanen da suka shafi Dala daga kansa aka yi shi. A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usmanu, Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau dutsen ya zana birnin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da soraye da bukkoki da dabino. Ya kuma ƙiyasta mazauna garin kimanin dubu talatin. Zanen nan ya yi shekaru kafin wani gwani mai suna Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, ya gyara shi ya sa masa launi aka buga a 1857. Ke nan hasken da ke cikin hoton rabinsa na Kano ne, rabinsa na zato, kuma ya kamata masu kafa hujja da shi su riƙa tuna haka.

A Faransa, mai zane Sezan ya shafe fiye da shekara ashirin yana zana dutse guda na kusa da garinsu, sau fiye da sittin, har ya rasu a 1906. A ra'ayina tafarkinsa ya fi dacewa da Dala a kan babban ƙyalle guda da za a yi ta gyara, domin a nan ba haske kaɗai ke sauyawa ba: gonakin da Barth ya gani a cikin ganuwa sun zama unguwanni, rufin kwano ya maye gurbin azara, gidaje sun matso har jikin dutsen, kowace damina kuma ruwa na zaizaye gefensa. Mai ƙyalle guda, duk ranar da ya ƙara wani sabon gini a gindin dutsen, tilas ya shafe kukar da ya zana a wurin bara, ita kuwa an riga an sare ta.