Daga Gaya Zuwa Kwatano: Wahalar Neman Digiri Na Biyu

Gadar kogin Kwara ce kawai ta raba Gaya da Malanville ta ƙasar Benin. Shekara da shekaru, ta nan ɗaliban Nijar da na Najeriya masu biyowa ta Kamba ke wucewa zuwa jami'o'i masu zaman kansu a Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, domin yin digiri na biyu.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Ɗalibi da jakarsa sai ya hau kwalekwale, kuɗin hanya ya ƙaru a kan na makaranta da na haya.

Sai kuma batun takardar shaida. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni shida. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo. Waɗanda suka shekara biyu suna karatu da rubuta kundin bincike su ma abin ya shafe su.

Shi ya sa kafin biyan ko dala, ya kamata ɗalibi ya bincika ko hukumar CAMES, mai hedikwata a Wagadugu, ta amince da kwas ɗin, sannan ko ƙasar da zai nemi aiki za ta karɓi takardar.