Jirgin da doki ya taɓa ja: Yadda mahaƙar dutse ta zama wurin yawon iyali a Wales

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, ƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da tururi yana ratsa tsaunuka, hayaƙi na tashi, yara sun leƙo ta taga suna ɗaga hannu. Irin wannan bidiyo ne ya kai ni arewacin Wales da ke Birtaniya, ta waya dai, ba da ƙafa ba. Da na bi diddigi sai na tarar tun asali don dakon dutse aka shimfiɗa layin.

Sunan dutsen sileti. Baƙi-baƙi ne, kuma yana tsagewa fale-fale kamar faranti. Da shi ake rufin gidaje, da shi kuma aka riƙa yin allon rubutu na 'yan makaranta. A shekarar 1898 maza 17,000 ne ke aikinsa a Wales, inda suka samar da kusan tan 500,000.

Layin Ffestiniog, wanda aka buɗe a 1836, ya taso daga garin Blaenau Ffestiniog da ke kan tudu zuwa tashar jiragen ruwa ta Porthmadog, tafiyar kusan kilomita 22. Abin mamaki, da farko babu inji. An tsara hanyar da gangara, sai a loda taragu a sake su su gangaro da nauyinsu, doki na tsaye a wani tarago na musamman a baya. In an sauke kaya, dokin ne zai jawo taragun su koma sama. Sai a 1863 injin tururi ya karɓi aikin.

Da kasuwar dutsen ta mutu, an rufe layin a 1946. Masu sa kai ne suka tashe shi, da hannunsu da aljihunsu, har ya sake isa Blaenau a 1982. Wani layin a yankin, Talyllyn, shi ya fara nuna hanya: a 1951 ya zama layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓa suka ci gaba da gudanarwa. Wilbert Awdry, marubucin labaran Thomas, jirgin nan mai fuska da yara ke kallo a katun, ya taɓa aikin sa kai a can.

Yau iyali kan hau jirgin da safe, da rana su sa hular kwano su shiga ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar Llechwedd. Masu ƙarfin zuciya kuma su nufi mahaƙar Penrhyn, inda kamfanin Zip World ke ɗaura mutum a igiya ya shilla ta saman ramin da gudun da kan kai kilomita 160 a sa'a. A 2021 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

To amma fa hoto ba ya faɗin komai. Tarin duwatsun nan da suka kewaye Blaenau, waɗanda ke yin kyau a kyamara, shara ce, don kusan kashi 90 cikin 100 na abin da aka haƙo zubar da shi ake yi. Mutane ne suka kwashe shi, da yawansu da hasken kyandir, ƙurar dutse na cin huhunsu a hankali. Duk da haka, lokacin cin abincin rana sukan taru a wata 'yar bukka da suke kira caban, su yi muhawara kan siyasa da addini, su yi gasar waƙa a harshensu na Welsh.

Labarin Penrhyn ya fi ɗaci. Richard Pennant, wanda ya bunƙasa mahaƙar, dukiyarsa daga gonakin rake ta fito a Jamaika, inda bayi 'yan asalin Afirka ke noma. Ke nan gumin baƙar fata na cikin jarin. Daga baya, a 1900, rikici ya ɓarke tsakanin magajin gidan da ma'aikata kimanin 2,800, aka yi shekara uku ana yajin aiki. Garin Bethesda ya rabu biyu. Iyalan da suka ƙi komawa aiki suka riƙa manna kati a taga mai cewa babu maci amana a wannan gida. Yunwa ta kori wasu zuwa mahaƙar kwal a kudancin Wales, da yawa ba su dawo ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu kula da waɗannan wurare ba su share wannan ɓangare ba. A gidan sarautar Penrhyn ana ba maziyarta labarin bayin da na yajin aikin. Yaron da ya zo don hawa jirgi zai iya komawa gida ya san wanda ya fasa dutsen da kuma wanda ya ci ribar.

Mu da muke rayuwa da kyamara a hannu, wannan ya shafe mu. Kafin ka ɗora hoton tsohon gini ko tsohon layin dogo, tsaya ka tambayi wa ya gina shi, nawa aka biya shi, ina jikokinsa suke. Ko layi biyu ne, rubuta amsar a ƙarƙashin hoton.